Bayan da Mai Shi Ba Ya Gani

Ana saura kwana 9 Sallah, ina zaune a bencin wani tela a unguwarmu, ina jiran a gama mini wuyan riga. Wata mata ta shigo da 'yarta, yarinya doguwa siririya, ba za ta wuce shekara 13 ba. Ta ajiye ɗinki a kan teburi. Ta ce, "Malam, dubi aikinka. Gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka." Telan bai yi musu ba. Ya shimfiɗa rigar, ya ninka ta biyu, kafaɗa kan kafaɗa, baki kan baki. Ta haɗu cif. Ya ce yarinyar ta shiga bayan labule ta saka. Da ta fito, gefen hagu ya sauka da faɗin yatsu biyu.

Ya ce, "Hajiya, riga lafiyarta lau. A kai yarinyar nan a duba mata baya." Matar ta zagaya bayan 'yarta ta tsaya. Ta daɗe a wurin ba ta ce komai ba. Ita kuwa yarinyar ƙasa take kallo, tana murza bakin mayafinta.

Tun ranar nake kallon bayan mutane. A sahun sallah, a layin banki, a kan babur. Kai ma gwada. Za ka ga baya ne kaɗai wurin da mai shi bai taɓa gani da idonsa ba. Kowa ya san tabon gwiwarsa. Kowa ya san haƙorinsa da ya karkace. Amma mutum zai shekara 60 ɗauke da bayansa, duk abin da ya sani a kansa labari ne aka ba shi. Madubin ɗakinmu ma fuska aka rataya wa.

Ƙashin baya ba sanda ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33, an jera wani kan wani. Akwai 7 a wuya, 12 a inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a ƙugu, sauran sun manne a can ƙasa. In ka dubi mai lafiya ta gefe, bayansa ba a miƙe yake ba. Wuya ya ɗan shiga, tsakiya ta ɗan fito, ƙugu ya sake shiga. Haka aka halicce shi, kuma haka ya kamata. Amma in ka dube shi ta baya, jerin nan ya kamata ya sauko sak daga ƙeya zuwa mazaunai. Duk awon da likitoci ke yi wa matasa, a kan waɗannan kallo biyu ya tsaya: na gefe da na baya.

Karkacewar da ake gani ta baya, likitoci na kiranta sikoliyosis. Yawanci tana bayyana daga shekara 10 zuwa sama, lokacin da yaro ke zabga tsawo, wando na wata shida ya koma ɗangalalle. Cikin matasa 100, ana samun 2 ko 3 da ita. A wajen 8 cikin 10 na masu ita, ba a gano dalili ba, sai dai an san tana bin dangi. Ƙanana daga cikinta ba su bambanta mace da namiji sosai, amma wadda ke ci gaba da tanƙwara ta fi kama 'yan mata nesa ba kusa ba. Mafi yawan lokaci kuma ba ta ciwo.

Ka lura da shekarun. Daidai lokacin ne uwa ta daina yi wa ɗa wanka. Daidai lokacin ne yarinya ke shiga hijabi har ƙasa, yaro ke shiga doguwar riga mai yalwa. Kunya ta zo, an rufe ƙofa kafin a canza kaya. Duk wannan daidai ne, tarbiyya ce. Sai dai shekarun da baya ya fi buƙatar ido su ne shekarun da ido ya bar shi. A gidan da nake ba ka labari, tef ɗin tela ne ya fara gani.

Hanyar awo ta farko ba ta buƙatar komai sai wanda zai tsaya a baya. Uwa ga 'yarta, uba ko wa ga yaro. A cire takalmi, a tsaya a daɓe mai bai ɗaya, ba kan katifa ba, hannuwa a sake. Baya ya kasance a buɗe. Sai a duba abu huɗu. Kafaɗun nan biyu, ko ɗaya ta fi tashi. Allon kafaɗa, ko ɗaya ya fi turowa waje. Ɗan sararin da ke tsakanin hannu da ƙugu, ko na dama ya fi na hagu faɗi. Sannan ƙugun kansa, ko gefe ɗaya ya fi fitowa. Ƙaramin bambancin kafaɗa kusan kowa na da shi, ba abin tashin hankali ba ne. Sararin nan na tsakanin hannu da ƙugu ya fi faɗin gaskiya, domin haske na bi ta ciki.

Hanya ta biyu a wurin magina aka aro ta. Ka san zaren nan mai ƙarfe a ƙasa, wanda suke sakewa a jikin bango don su ga ko ya tashi sak. Shi ne dai. A gida, zare da ƙaramin kwaɗon ƙofa sun isa. Sunkuyar da kanka, ka shafa gindin wuyanka. Za ka ji wani ƙashi ya yi tsini. Shi ne na 7 a jerin wuya. A kansa ake dafe zaren, yaron na tsaye, a bar kwaɗon ya daina lilo. Ya kamata ya faɗa daidai tsagin mazaunai. In ya kauce da fiye da santimita 2, jiki ya rinjaya gefe guda.

Zaren nan yana da iyakarsa. Wani bayan yakan lanƙwasa dama a sama, ya lanƙwasa hagu a ƙasa, kamar maciji na ƙetare hanya. Lanƙwasa biyun su biya wa juna bashi, kai ya dawo daidai kan mazaunai. Sai zare ya faɗa tsakiya, ya ce lafiya, alhali ba lafiya ba. Ta gefe ma ana sakin sa. A can ana so ya bi ta ƙofar kunne, tsakiyar kafaɗa, ƙashin ƙugu, ya sauka ɗan gaban idon sawu.

Hanya ta uku ita ce ta fi shiga raina, domin ba ta da tsada kuma ba ta da sauƙin ruɗuwa. Wani likitan tiyata na Ingila, William Adams, ya bayyana ta a 1865, har yau kuma da sunansa ake kiranta. Yaro zai haɗa ƙafafunsa, gwiwa a miƙe, ya duƙa gaba. Ta yi kama da ruku'u, amma da bambanci. Ba a dafa gwiwa. Ana haɗa tafukan hannu a sake su su rataya, kai ma ya rataya, baya ya yi ƙoƙo. Mai dubawa ya tsuguna a baya har idonsa ya yi daidai da gadon bayan, kamar mai leƙen saman tebur. Gefen dama da na hagu ya kamata su kwanta daidai. In ɗaya ya yi tudu, an samu abin da ake nema.

Dalilin tudun ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙashin bayan da ya karkace da gaske ba gefe kawai yake tafiya ba, murɗewa yake yi. Haƙarƙari kuwa a jikinsa suke kame. Da ya murɗe sai ya ja na gefe ɗaya baya, ya tura na ɗaya gefen gaba. A tsaye, tsoka da riga na rufe wannan. A duƙe ba su iyawa. Idan karkacewar a tsakiyar baya take, tudun ya fi fitowa a dama.

A nan ne ake raba baya iri biyu. Akwai bayan da ke jin magana, akwai wanda ba ya ji. Mu iyaye kalma ɗaya muke da ita ga duka biyun: "Miƙe!" Yaron da ya saba tsayawa a kan ƙafa ɗaya, ko ya karkata don gajiya, da ya duƙa bayansa ke daidaita. Wanda ƙashinsa ya murɗe, ko shekara aka yi ana daka masa tsawa, tudun na nan. Ba taurin kai ba ne. Akwai kuma na uku, wanda ƙafarsa ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, ƙugu ya jirkice, baya ya bi shi. Wannan ana zaunar da shi a kan benci ya duƙa, sai a ga bayan ya daidaita. Ko a sa littafi ƙarƙashin gajerar ƙafar, a ƙara wani, har ƙugu ya daidaita. In baya ya miƙe a kan littattafan, sai a auna kaurinsu.

Ido na cewa akwai tudu, amma ba ya cewa nawa. Shi ya sa a 1984 wani likitan ƙashin yara a Amurka, William Bunnell, ya fito da ɗan ma'auni da ake kira sikoliyomita. Kada sunan ya firgita ka. Ɗan'uwan ma'aunin nan ne mai ruwa a ciki da magina ke ɗorawa a kan bulo. Faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba, da ɗan gurbi a tsakiya inda tsinin ƙashin baya zai shiga, da ƙwallo ƙarami da ke gangarawa cikin bututu. Ana ɗora shi a bayan da ya duƙa, a bi da shi daga sama zuwa ƙasa, a karanta inda ƙwallon ya fi nisa. Da farko digiri 5 aka ɗauka iyaka. Sai aka ga ana tura yara masu lafiya da yawa asibiti, shi kansa Bunnell ya koma 7. Yanzu wayoyin hannu na yin wannan awo, domin suna gane karkatar kansu. Abin da suke aunawa dai shi ne abin da ƙwallon ke aunawa.

Duk waɗannan daga waje suke kallo. Mai yanke hukunci shi ne hoton ƙashi, a ɗauke shi yaro na tsaye, ba a kwance ba, domin kwanciya na rage lanƙwasa. A kan hoton likita zai nemi ƙashin da ya fi jirkicewa a saman lanƙwasar, ya ja layi. Ya nemi wanda ya fi jirkicewa a ƙasanta, ya ja wani. Kusurwar da layukan suka haifar ita ce awon. John Cobb, likitan ƙashi a Amurka, ya tsara wannan a 1948. Sai ta kai digiri 10 ake kiranta cuta. Ƙasa da haka, bambancin halitta ne kawai.

Lambar ma ba wahayi ba ce. Ba likita biyu hoto ɗaya, za su iya saɓawa da digiri 3 zuwa 5. Likita ɗaya ma yakan saɓa wa kansa in ya sake aunawa. Saboda haka in bara an ce 20, bana an ce 23, ba a cewa ta ƙaru. Sai tazarar ta wuce 5. Kuma ba a yawan ɗaukar hoton ba dalili, domin illar haskensa na taruwa a jikin da ke kan girma. Masu lura suna juya yarinya ta ba na'urar baya, don hasken ya rage isa ƙirjinta.

Hoton na amsa wata tambayar da ta fi lambar muhimmanci: saura nawa yaron ya gama girma? Lanƙwasa da tsawo tare suke gudu. A bakin ƙashin ƙugu akwai wani gefe da ke taurara a hankali, daga gaba zuwa baya. Joseph Risser ya kasa shi mataki 0 zuwa 5 a 1958. Mai mataki 0 yana da doguwar tafiya a gaba, mai 5 ya iso. Don haka ne likita zai tambayi uwa yaushe 'yarta ta fara al'ada. Ba shisshigi ba ne. Tsawo ya fi gudu kafin ta fara, sannan ya ci gaba a hankali kamar shekara biyu. Digiri 20 a bayan 'yar shekara 11 da digiri 20 a bayan 'yar shekara 17 ba abu ɗaya ba ne.

Yanzu mu zagayo gefe, inda ƙorafin iyaye ya fi yawa. Yaro ya duƙufa kan waya, haɓa ta yi gaba, kafaɗu sun rufo. Awon gida a nan bango ne. Dunduniya, mazaunai da allon kafaɗa su taɓa shi, idanu na kallon gaba. Ƙeya ya kamata ta taɓa ba tare da an ɗaga haɓa ba. In ba ta taɓa ba, a auna tazarar da rula. Masu bincike kuma hoto suke ɗauka ta gefe. Su liƙa alama a ƙofar kunne, su liƙa wata a ƙashin nan na 7, su ja layi tsakani, su gwada shi da layin kwance. In kusurwar ta yi ƙasa da wajen digiri 50, sai su ce kai ya yi gaba.

Ban raina wannan ba, amma ban ba shi girman da ya wuce nasa ba. Hoto daƙiƙa ɗaya yake kamawa. Ka ce wa yaro za a duba tsayuwarsa, nan take zai ƙame kamar ɗan sanda a fareti. Da an ajiye kyamara ya koma yadda yake. Tsayuwa kuma ba ƙashi kaɗai ke yin ta ba. Yunwa na duƙar da yaro. Bencin makaranta marar majingina na duƙar da shi. Wanda ba ya ganin allo sosai yana miƙa wuya. Yarinyar da ƙirji ya fara fito mata takan rufo kafaɗunta don ta ɓoye, kuma ba za ta faɗa wa kowa dalili ba. Na taɓa ganin wata ta miƙe sarai ranar da aka saya mata mayafi mai kauri.

A nan ma akwai wanda ba ya jin magana. Lanƙwasar tsakiyar baya ta mai lafiya tana tsakanin digiri 20 da 40, ko sama kaɗan. Wani likitan Denmak, Holger Scheuermann, ya bayyana a 1920 wani irin doro na matasa, inda ƙasusuwan ke girma da gaba siriri, baya mai kauri. Ana gane shi a hoto in uku a jere kowanne ya tsuke da digiri 5 ko fiye. A gida kuwa, kwantar da yaron rub da ciki, ka ce ya ɗaga kai da ƙirji. Doron sabo yakan baje. Wannan ba ya bajewa.

Jakar makaranta da farantin talla sun sha zargi. Jaka mai nauyi na gajiyar da baya, tana sa ciwo, shi ya sa ake ba da shawarar kada ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yaro. Amma ba a same ta da laifin murɗa ƙashi ba. Uwar da aka ce mata bayan 'yarta ya karkace, kada ta zauna tana lissafin bokitan ruwan da ta ɗora mata.

Akwai wani baya da ba a jira da shi, kuma a ƙasarmu ya kamata kowa ya san shi. Ƙwayar tarin fuka na iya sauka a ƙashin baya ta cinye shi. Percivall Pott ya bayyana wannan a Ingila a 1779, mu kuma har gobe muna ganinsa. Doronsa ba ƙoƙo yake yi ba, tsini yake yi a wuri guda, kamar gwiwar yatsa. Yana zuwa da ciwo mai hana barci, zazzaɓin dare, rama, wani lokaci ƙafafu su fara sanyi. Wannan ba na zare ba ne, ba na bango ba, ba kuma na mai ɗori ba, domin ba karaya ba ce. Na asibiti ne a makon nan. Maganin tarin fuka kyauta ake ba da shi a cibiyoyin gwamnati. Masu ciwon ƙashi daga jihohi da dama, har da maƙwabta na Nijar, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano suke nufa.

To mu koma ga sikoliyosis. In an auna, sai me? Ƙasa da digiri 25, yawanci sa ido ne, a dawo bayan wata 4 zuwa 6. Daga 25 zuwa wajen 40, in yaro na kan girma, ana ɗinka masa wata rigar roba mai tauri da ke riƙe jiki. Daga 45 ko 50 ake fara zancen tiyata. Wani bincike da aka yi a Amurka da Kanada, aka wallafa a 2013, ya bi matasa 242. Cikin masu saka rigar, kashi 72 cikin 100 sun gama girma ba su kai digiri 50 ba. Cikin waɗanda aka sa wa ido kawai, kashi 48 ne. Waɗanda suka fi daɗewa da ita a jiki kowace rana su suka fi cin riba.

Mukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Turawa ma sun yi wannan tunani. A 1741 wani likita a Faransa, Nicolas Andry, ya sa hoton karkataccen itace ɗaure da turke a littafinsa, har yau shi ne tambarin likitocin ƙashi. Sai dai rigar robar ba ta mayar da baya sak. Tsayar da shi take yi a inda ta same shi. In ta same shi a 28, a kusa da nan za ta riƙe shi. In an makara har 48, ba ta da sauran abin riƙewa. Ƙungiyoyin likitocin ƙashi da na yara a Amurka sun ce a duba mace sau biyu, a shekara 10 da 12, namiji sau ɗaya, a 13 ko 14. Wani kwamitin lafiya na ƙasar kuma ya ce a 2018 hujjar duba kowane yaro ba ta cika ba tukuna. Su ci gaba da muhawara. Duƙawar ba ta cin minti ɗaya, kuma ba a biyan ko kwabo.

Bayan Sallah da wata guda na sake zama a bencin. Matar ta dawo da wani yadin. Telan ya ce, "Hajiya, ya mai jiki?" Ta ce sun je, an ɗauki hoto, an ce 18, su koma bayan wata 6. Ta ce ta duba ƙannen ma, duka uku, a tsakar gida, ɗaya bayan ɗaya. Telan ya ce, "Allah ya tsayar nan." Ya kira yarinyar, ya ce, "Zo, 'yata, tsaya yadda kike tsayawa a gida." Ya auna tsawon dama, ya auna na hagu daban. Ya buɗe tsohon littafinsa mai bangon fata, ya rubuta lambobi biyu a inda ya saba rubuta ɗaya. A gefensu ya sa kwanan wata.